Yara Masu Buƙata ta Musamman Kafin Shekarun Shiga Makaranta: Alamomin Ganewa da Hanyoyin Taimako

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ƴan'uwa Musulmi, muna yawan samun tambayoyi daga iyaye da malaman Islamiyya game da yaron da ya yi jinkirin tafiya ko magana, ko wanda ba ya waiwaye idan an kira shi, ko wanda ba ya shiga cikin ƴan'uwansa wasa. Mun tattara wannan bayani ne domin ya zama abin komawa ga uba da uwa, da ungozoma, da malamin allo, da masu kula da ajin share fage. Maganar ta shafi yaro tun daga haihuwa har zuwa shekara shida ko bakwai.

Abin da ake nufi da yaro mai buƙata ta musamman shi ne yaron da ba zai iya koyo ta hanyar da sa'o'insa ke koyo ba sai da ƙarin taimako, saboda wata lalura a jinsa, ko ganinsa, ko gaɓoɓinsa, ko harshensa, ko fahimtarsa. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a shekarar 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da wata nakasa a duniya, wato kamar ɗaya cikin kowane goma. Da wuya ke nan a samu unguwa ko makarantar allo da babu irinsu.

Matsayinsu a shari'a

Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho da ya zo neman ilimi alhali Manzon Allah (SAW) yana magana da manyan Ƙuraishawa. Allah ya fifita buƙatar makahon nan ta koyo a kan maganar da ake yi da masu faɗa a ji. Daga baya ya zama ladan tare da Bilal, kuma Annabi (SAW) ya sha wakilta shi a Madina idan zai fita. Muslim ya ruwaito daga Anas labarin wata mata mai rauni a hankalinta da ta ce tana da buƙata, Annabi (SAW) ya bar ta ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama bayaninta.

A tarihin ilimi ma haka abin yake. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, muftin Makka a zamanin tabi'ai, yana da gurguntaka, ya kuma makance a ƙarshen rayuwarsa. Imam Shaɗibi, mai Shaɗibiyya da ake karanta ƙira'o'i da ita har yau, makaho ne. Ƙalun, wanda ya ɗauki karatu wajen Imam Nafi'u kamar yadda Warshu ya ɗauka, malaman tarihi sun ambata cewa ya kurmance, amma yana gyara wa ɗalibi kuskure ta hanyar kallon leɓensa. Malaman tarihi sun kuma kawo cewa halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sanya wa makafi ƴan jagora, ya sanya wa guragu masu yi musu hidima, daga baitulmali.

Ta fuskar hukunci, ciyarwa da tufatarwa wajibi ne a kan uba. Ibn Abi Zaidin ya bayyana a Risala cewa ciyar da ɗa namiji tana sauka daga kan uba ne idan yaron ya balaga kuma babu wata nakasa mai hana shi nema a tare da shi. Ma'ana, wanda ya balaga da nakasarsa yana nan a wuyan mahaifinsa. Uban da ya saki mace saboda ta haifi nakasasshe, ya bar ta da ɗawainiya, ya yi zalunci biyu. Alƙalami kuma an ɗauke shi daga wanda hankalinsa bai cika ba, amma wannan sauƙi ne game da abin da Allah zai tambayi yaron, bai sauke wa iyaye nauyin koyar da shi gwargwadon abin da zai iya ɗauka ba.

Matakan girma da ya kamata a lura da su

Yara ba sa tashi daidai da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi yara masu lafiya a ƙasashe biyar, ciki har da Ghana, ta samu cewa zama ba tare da jingina ba yana zuwa ne tsakanin wata huɗu da wata tara, tafiya ba tare da dafa komai ba kuma tsakanin wata takwas da wata goma sha takwas. Don haka uwar da ɗanta bai taka ba a wata goma sha huɗu kada ta tayar da hankalinta don ɗan kishiyarta ya riga shi. Amma akwai iyakokin da idan an wuce su ba a sake jira:

Wata uku: ba ya razana da ƙara mai ƙarfi, ba ya bin fuskar uwarsa da ido, ba ya murmushi.
Wata shida: wuyansa bai tsaya ba, jikinsa ya yi sanƙarƙar ko ya saki laƙwas, ba ya waiwayar sauti.
Wata tara zuwa goma: bai zauna ba.
Shekara ɗaya: ba ya gwalantu irin su "ba-ba" da "da-da", ba ya amsa sunansa, ba ya ɗaga hannu ko nuni da yatsa.
Wata goma sha takwas: bai taka ba, ko ba shi da ko kalma ɗaya mai ma'ana.
Shekara biyu: ba ya haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Inna zo".
Shekara uku zuwa huɗu: baƙo ba ya gane maganarsa, ba ya bin umarni mai sauƙi, ba ya wasan kwaikwayo irin su dafa tuwon ƙasa ko goyon ƴar tsana.

Alama ɗaya ta fi duk waɗannan gaggawa, ita ce yaro ya rasa abin da ya riga ya iya. Wanda yake magana ya daina, ko yake tafiya ya koma rarrafe, a kai shi likita a makon nan. Jaririn da aka haifa bakwaini kuwa, a riƙa cire makonnin da bai cika ba idan ana lissafa masa watanni, har ya kai shekara biyu.

Akwai maganar da ake yawan yi: "Ai haka ubansa ya yi," ko "Namiji ne, ba sa saurin baki." Wani lokaci gaskiya ne. Sai dai dubawa ba ta ɓata komai idan yaron lafiya lau yake, jira kuwa yana cinye shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe. Haka nan jin harsuna biyu ko uku a gida, kamar Hausa da Zabarmanci da Faransanci a Yamai, ba shi ne ke hana yaro magana ba. A haɗa kalmominsa na duk harsunan a ƙirga.

Ji, wanda aka fi makara wajen ganewa

A nan za mu ɗan tsawaita, domin yankinmu yana cikin ƙasashen da sanƙarau ke yi wa ɓarna, daga Senegal har Habasha. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, Nijar kuma ta sake fuskantar babbar annoba a 2015. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi daga wannan ciwo suna fita da wata illa mai ɗorewa, kurunta tana cikin waɗanda suka fi yawa. Duk yaron da ya warke daga sanƙarau ya kamata a auna jinsa cikin makonnin farko, ko da iyaye ba su ga alamar komai ba. Sauran sabubba sun haɗa da ƙyanda, da shawara mai tsanani a makon haihuwa, da kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni, da wasu allurai irin su jantamaisin idan an yi su barkatai, da kuma gado. Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na rashin ji a yara daga abubuwan da za a iya karewa yake zuwa.

Abin da ke ruɗar iyaye shi ne jaririn da ba ya ji yana kuka, yana dariya, yana ma fitar da sautuka a watannin farko kamar kowa. Sai a wajen wata shida zuwa tara sautin ya fara raguwa, domin ba ya jin kansa. Yana kuma da kaifin lura, yana ganin inuwa, yana jin girgizar ƙasa idan an buga turmi, sai a ce ai yana ji. Wanda zai gwada a gida ya tsaya bayan yaron inda ba zai gan shi ba, ya kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa, ta dama sannan ta hagu. Wannan gwaji yana tayar da shakka ne kawai, tabbatarwa tana wajen likitan kunne, wanda ke da na'urar auna jin jariri ko yana barci.

Mu kuma daina haɗa kurunta da rashin hankali. Mafi yawan waɗanda muke kira bebaye harshensu lafiya lau yake, ba su ji magana ba ne balle su kwaikwaya. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu da ake kira maganar hannu, wanda masana harshe suka yi nazarinsa a Kano suka tabbatar cikakken harshe ne mai ƙa'idojinsa. Yaron da aka gano ba ya ji a fara yi masa maganar hannu nan take, gidan gaba ɗaya su koya, a nemo babban kurma a unguwa ya riƙa zama da shi. Wannan ba ya hana shi koyon maganar baki idan ya samu na'urar ƙara ji. Abin da ke cutar da shi shi ne ya kai shekara bakwai babu wani harshe a kansa, na baki ko na hannu. Ta yaya za a sanar da irin wannan yaro Ubangijinsa?

Gani

Fari a tsakiyar baƙin idon yaro, wanda wani lokaci a hoton waya ake fara ganinsa, abin gaggawa ne: yana iya zama yana, yana iya zama sankarar ido. Idon jariri da ya kumbura yana zubar da ruwan ciwo a makonnin farko shi ma haka, kuma kada a ɗiga masa nono ko ruwan tsimi. Harara-garke da ta wuce wata shida ana gyara ta, amma idan an bar ta har shekara bakwai ko takwas idon da ya karkace yakan raunana har abada. Yaron da ke tuntuɓe da zarar magariba ta yi yana iya zama dundumi ne, alamar ƙarancin sinadarin bitamin A, shi ya sa ake ɗiga wa yara wannan sinadari lokacin rigakafi. Zabiya kusan dukkansu suna da raunin gani. A zaunar da su gaba, a cikin inuwa, a ƙara musu girman rubutu a allo, a sa musu malafa da riga mai dogon hannu.

Wata magana a gefe game da kwalli. Wanda sunna ta yaba shi ne ismid. Da yawa daga cikin abin da ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan tozali dutsen dalma ne, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, wasu da dama suka rayu da lalurar ƙwaƙwalwa. Ra'ayinmu shi ne a bar sanya wa jarirai kwallin da ba a san asalinsa ba.

Gaɓoɓi, da maganar "ɗan ruwa"

Yaron da wuyansa bai tsaya ba, yawu na zuba, gaɓoɓinsa sun sandare ko sun saki, shi ne wasu ke kira ɗan ruwa, suna cewa aljanu sun musanya shi. Wannan magana ba ta da tushe a Alƙur'ani ko Sunna. Ɗan Adam ne, ɗanka ne, yana gadonka kana gadonsa. Wanda ya kai shi bakin kogi ko daji ya ajiye, ko ya hana shi abinci har ya mutu, ya kashe rai, kuma wanda ya ba da wannan fatawa yana da nasa kason na zunubi.

Likitoci sun san sabubban wannan lalura: doguwar naƙuda da ta hana iska isa ƙwaƙwalwar jariri, haihuwar bakwaini, shawarar da ba a yi maganinta ba, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Jaririn da ya yi rawaya a ranar farko, ko rawayar ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko ya ƙi kama nono, asibiti za a kai shi a ranar, kada a tsaya shanya shi a hantsi. Raunin da ya samu ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, amma gaɓoɓi suna ƙanƙancewa idan an bar yaron kwance. Masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi suna koya wa uwa yadda za ta miƙe masa hannu da ƙafa kullum, da yadda za ta zaunar da shi. A ciyar da shi a zaune, kansa a miƙe, da kunu mai kauri kaɗan-kaɗan, domin ɗura tana tura abinci cikin huhu. Da yawansu tamowa ce ke kashe su. Kuma da yawansu fahimtarsu lafiya lau, suna jin duk abin da ake faɗa a kansu.

Jaririn da aka haifa da karkatacciyar ƙafa ana miƙar da ita da filasta idan an fara a makonnin farko, tsagaggen leɓe kuma ana ɗinke shi.

Fahimta da mu'amala

Kalmar galahanga ta zama buhun da ake zuba kowace lalura a ciki, alhali sun bambanta. Akwai lalurar Dawun, wadda ake gane ta tun haihuwa da yanayin fuska da sakin jiki. Tana samun kamar jariri ɗaya cikin dubu, kuma kusan rabinsu suna zuwa da matsalar zuciya, don haka a duba zuciyar da wuri. Suna koyo, a hankali, da maimaitawa. Akwai kuma otizim, wanda ake ƙiyasta yana samun kusan yaro ɗaya cikin ɗari. Alamominsa ƙarancin haɗa ido, rashin nuna wa uwa abin da ya burge shi, maimaita motsi ɗaya ko maganar da ya ji, tsananin damuwa idan an canja masa abin da ya saba, da toshe kunne saboda ƙarar da ba ta damun kowa. Irin wannan yaro shi ne aka fi cewa an yi masa sammu ko iska ta shige shi, shi ne kuma aka fi duka da sunan taurin kai. Rigakafi ba ya kawo shi. Binciken da ya yi wannan da'awa a Ingila a 1998 mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu ko taɓawa. Idan ta tashi a kwantar da yaro ta gefe, a janye shi daga wuta da ruwa, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai. Kusan bakwai cikin goma na masu ita suna daina faɗuwa idan suna shan magani a kan ƙa'ida. Akwai kuma nau'in da yaro ke yin sororo na ƴan daƙiƙu sannan ya dawo, malami ya ɗauka rashin mai da hankali ne. In'ina tana yawan bayyana tsakanin shekara biyu da biyar, mafi yawa tana wucewa. A saurare shi har ya gama, kada a ƙarasa masa magana. Annabi Musa (AS) da kansa ya roƙi Allah a Suratu Ɗaha ya warware masa ƙullin harshensa.

Ruƙiyya ta shari'a da ayoyi da addu'o'in da suka tabbata halal ce, muna ma kwaɗaitar da iyaye su yi wa ƴaƴansu da kansu safe da yamma. Annabin da ya koyar da ita shi ne ya yi umarni da neman magani. Abin da muke hanawa shi ne dukan yaro da sunan fitar da aljani, da turara masa barkono, da ɗaure shi a mari, da hana shi maganin asibiti.

A gida da makaranta

Babban magani a waɗannan shekaru yana hannun uwa da ƴan'uwan yaro. A riƙa yi masa magana fuska da fuska lokacin wanka da cin abinci, ana ambaton sunan kowane abu. A raba aiki gida-gida: alwala a fara da wanke hannu kawai har ya zauna, sannan a ƙara kurkurar baki. A yaba masa da zarar ya yi ƙoƙari. Waya ba ta koya wa yaro magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba ɗan ƙasa da shekara biyu, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Kada a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki idan baƙi sun zo, kada kuma a mayar da shi jarin bara.

Malamin allo ko na Islamiyya ya karɓe shi. Ya zaunar da mai raunin ji ko gani kusa da shi, ya fuskance shi idan yana biya karatu, ya rage masa ayoyi, ya haɗa shi da ɗalibi mai haƙuri. Bulala ba ta buɗe kunne. Ya kuma hana laƙabi irin su "dolo" da "gaula", domin aya ta 11 a Suratul Hujurat ta haramta izgili da jifan juna da munanan laƙubba, kuma yara daga bakin manya suke ɗauka. Makaho yana haddace Alƙur'ani ta saurare kamar yadda aka saba, yanzu kuma akwai Mus'hafi da rubutun makafi na ɗigo shida.

Inda za a nufa

A fara da asibitin unguwa inda ake awon yara, da katin awo a hannu, a faɗa wa ma'aikaci abin da aka gani da watan da aka fara ganinsa. Hoton bidiyo na faɗuwa ko na wani motsi yana taimaka wa likita ƙwarai. A Nijar tun 2006 gwamnati ta ayyana maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, ƙasar kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008. Ghana tana da dokar nakasassu ta 2006, Najeriya ta sa hannu a tata a Janairun 2019. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdourahamane da ta kurame ta Hassane Bana Ba. A Kano akwai ta Tudun Maliki. A arewacin Ghana akwai ta kurame a Savelugu da ta makafi a Wa. Waɗannan makarantu sun yi kaɗan, kuma suna karɓar yaro ne bayan ya girma, don haka shekarun farko suna kan gida da masallacin unguwa.

Iyalan da aka haifa musu kurma fiye da ɗaya, ko mai amosanin jini, wanda kan jawo wa ƙaramin yaro shanyewar ɓarin jiki, su nemi shawarar likita da gwajin jini kafin a sake ƙulla auren zumunci. Auren halal ne, gwajin ma halal ne. Kuɗin mota zuwa asibitin birni, da na'urar ji, da tabarau, da keken guragu, duk ana iya biyan su daga zakka idan iyayen matalauta ne, ta hanyar damƙa wa uban ko waliyyin yaron. Kwamitin kowane masallaci yana iya rubuta sunayen irin waɗannan gidaje a unguwarsa, cikin sirri, ya ware musu kaso lokacin fitar da zakkar amfanin gona da ta dukiya.

Allah ne Mafi sani.